Tarihin Da Ke Cikin Kwanon Tuwo: Tunanin Wani Uba Daga Zauro



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ni'imominSa suka fi ƙarfin lissafin mai lissafi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani ƙaramin al'amari ne da ya faru a tsakar gidana, amma ya hana ni barci na kwanaki. Mun dawo daga sallar Isha'i, an shimfiɗa tabarma, uwar yara ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi. Babban yaron gidan, wanda ba zan kama sunansa ba tun da ɗan fari ne, ya buɗe kwano da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa yana riƙe da waya. Ya dubi tuwon, ya ce: "Baba, yau ma shi ne?" Sannan ya tura kwanon gefe.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe baki zan fara irin faɗan da kowane uba ya haddace, wato mu da muna yara kaza da kaza, sai uwarsa ta ce da ni cikin sanyin murya: "Malam, yaushe ka taɓa zaunar da shi ka gaya masa inda tuwon nan ya fito?" Na yi shiru, domin ba ni da amsa. Na koya wa yaran nan su ce Alhamdu lillahi bayan cin abinci, kuma suna faɗa. Amma ban taɓa sanar da su abin da suke gode wa Allah a kansa ba. Mutum kuwa ba ya iya godiya ta haƙiƙa a kan abin da bai san tsadarsa ba.

Wannan ne ya mayar da ni ga tarihin ƙasarmu. Suratu Ƙuraishi, wadda ƙananan yara ke haddacewa tun a farkon allo, ta haɗa ni'imomi biyu wuri guda, wato ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro. Idan aka ƙara musu ilmin da ke sa bawa ya san Mai bayarwa, sun zama uku. Da na duba, sai na tarar kowace ɗaya daga cikin ukun nan tana da tarihi a wannan kwari namu na Gulbin Rima, kuma akwai mutanen da suka sha wahala kafin ta iso tabarmarmu.

Ƙasar Da Muke Zaune A Cikinta

Ga wanda bai san wurin ba, Zauro gari ne a bakin fadama, kusa da Ambursa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Fadamar nan ita ce rayuwarmu. Da damina gulbi yana cika ya malala, da rani ya janye ya bar ƙasa mai laka da albarka. Tun kafin zuwan Turawa da ƙarnoni mutanen nan suke noman jar shinkafa ta gargajiya, irin wadda karanta ke ƙara tsawo gwargwadon yadda ruwa ke hawa, suna kuma kamun kifi da kiwo.

Wannan ita ce tsohuwar ƙasar Kabi. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya fita daga ƙarƙashin daular Songhai ta Askiya Muhammadu, ya kafa mulkinsa, ya gina birnin Surame wanda har yau kufansa da ragowar ganuwarsa suna nan. Wajen shekarar 1700 aka mayar da fadar Kabi zuwa Birnin Kebbi. Saboda haka garin da matasanmu suka sani a matsayin babban birnin jihar da aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agusta 1991, ya riga ya zama mazaunin sarauta tun kusan shekaru ɗari uku kafin wannan rana.

Ni'ima Ta Farko: Ilmi, Da Malamin Da Ya Rubuta Sunayen Malamansa

Babu yadda za a yi maganar ilmi a wannan yanki ba tare da ambaton Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, Allah Ya jiƙansa da rahama. An haife shi wajen 1766, ƙanen Shehu Usmanu ne da kimanin shekara 12. Ya bi yayansa yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, ya yi hijira tare da shi zuwa Gudu a 1804, ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, shekarar da jama'ar Shehu suka koma Gwandu da zama.

Sai dai abin da nake so ku lura da shi a rayuwarsa yana cikin wani ɗan ƙaramin littafi da ya rubuta a 1812 mai suna Ida'un Nusukh. A cikinsa ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. A wannan lokaci shi babban malami ne, kwamandan yaƙi, kuma a shekarar ce Shehu ya damƙa masa kula da yammacin daula. Mutumin da ya kai wannan matsayi yana iya mantawa da matakalar da ya taka. Shi kuwa sai ya zauna ya rubuta ta mataki-mataki. Kuma da wa ya fara? Da mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani. Sannan yayansa Usmanu, wanda aka damƙa shi a hannunsa yana ɗan shekara 13. Bayan su sai kawunnansa da sauran dangi, da manyan malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa mai karatu. Makarantar farko ta wannan bajimin malami ita ce zauren gidansu. Mutumin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa da wajenta, ya fara ne da uba mai haƙurin zama da yaro a kan baƙi da wasali. Kuma da ya girma bai ɗauki wannan a matsayin abin da ya zama dole a yi masa ba. Ya ɗauke shi bashi, ya biya da ambato da addu'a da karantar da wasu. Daga baya ma ya rubuta wani tafsirin da ya fi gajarta, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin waɗanda babban ya yi wa nauyi su ma su sami rabonsu.

Akwai wani abu kuma. A 1807, yaƙi bai ƙare ba, Malam Abdullahi ya ga son duniya da neman muƙami sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Abin ya dame shi har ya bar gida da nufin tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu, ya tsaya ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, sannan ya koma gida. Abin da ya tsorata shi shi ne yadda ni'ima ke lalata mai ita idan ya manta dalilin da ya sa aka ba shi. Wannan tsoro ne ya kamata kowane uba ya ji a ransa duk lokacin da Allah Ya buɗa masa.

Shi ma Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kuma ya aikata abin da ya faɗa, domin a gidansa aka reni Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru da jajis masu kai ilmi ga matan karkara. Idan yau 'yarka ta zauna tana karanta maka Ahalari ba tare da kowa ya ga baƙon abu ba, to ka sani akwai waɗanda suka share wannan hanya.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829. 'Ya'yansa suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, daga Muhammadu Wani zuwa Malam Halilu, wanda ya riƙe sarauta daga 1833 zuwa 1858 kuma ya shahara da ilmi da gudun duniya. Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ni'ima Ta Biyu: Aminci Bayan Tsoro

A yau ɗalibi yana hawa mota a Birnin Kebbi da safe, ya wuce ta gabanmu, ya isa Argungu kafin hantsi ya dubi ludayi, bai tambayi kowa izini ba. Kakannin kakanninmu ba su san wannan ba. Ƙasar da muke nomawa ta daɗe tana matsayin iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba da juna.

Tun a ƙarshen 1805 aka gwabza ƙazamin yaƙi a Alwasa, garin da muke wucewa idan za mu Argungu, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa. Kabawa kuwa da suka rasa babban birninsu ba su saduda ba. Sarkinsu Karari ya ja daga a Argungu, daga baya aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya shafe shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya koma ya sake tayar da tutar Kabi. Daga nan aka shiga zamanin hari da ramuwar hari. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853. A can ya sami kwafin littafin Tarikhus Sudan, wanda ke nuna irin dukiyar ilmin da ke garin, amma kuma ya bayyana yadda hanyoyin yankin suka kasance cikin rashin tsaro. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen fama da Kabawa, kuma maƙwabciyarmu Ambursa ta zama sansanin da sarakunan Gwandu ke zama domin tsare iyaka.

An sami ɗan numfashi daga 1867 zuwa 1875, lokacin sulhun da aka yi da Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Ku lura da sunan da mutane suka ba waɗannan shekaru takwas: Lafiyar Toga. Zaman lafiya ya yi ƙaranci har ya zama abin da ake raɗa wa suna, kamar yadda ake raɗa wa shekarar yunwa ko ta annoba. Bayan wannan aka koma gidan jiya, har zuwan Turawan Ingila a 1902 da 1903.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin magabata. Sun tafi ga Ubangijinsu, kuma jininsu duka yana gudana a jikinmu, domin auratayya ta riga ta cakuɗa mu. Nufina ku yi tunanin uban gida na wancan zamani. Yana fita gona da fartanya a kafaɗa da kwari da baka a gefe. Ba ya nisa da ganuwa. Idan yaro ya tafi kiwo bai dawo da la'asar ba, uwa ba ta tunanin ya tsaya wasa ne, tana tunanin an kama shi. Wannan uban, da za a ba shi dare ɗaya irin namu, ya ci tuwo a fili da 'ya'yansa cif-cif a gabansa, da ya kwana yana sujada.

Turawa sun hana yaƙi, amma gabar da ke cikin zukata ta rage. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka tarbe shi da bikin kamun kifi. Wannan ziyara ce aka ɗauka a matsayin rufe babin gabar da ta haura shekara ɗari, kuma daga gare ta bikin da ake yi a Matan Fada ya samo siffarsa ta yanzu, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Matasa suna kallon hotunan dubban masunta da homa da gora, suna jiran a ga wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. Kaɗan ne suka san cewa asalin taron godiya ce a kan sulhu.

Irin wannan sauke girman kai yana da tushe a gidan su Malam Abdullahi kansa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma aka sami ɗan sanyin dangantaka tsakaninsa da baffansa. Da aka yi 'yan shekaru, tawaye ya matsa wa Gwandu a Kalambaina, Bello ya kawo ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ɗa ya ba baffa girmansa, baffa ya ba shugaba nasa. Gidaje nawa ne a yau suka watse a kan gonar gado wadda ba ta kai a kira ta fili ba?

Kada kuma mu ɗauka amincin da muka gada an rubuta mana shi har abada. Mun ga abin da ya sami wasu sassan jiharmu da maƙwabtanmu na Zamfara da Sakkwato a 'yan shekarun nan, kuma a Nuwamba 2024 'yan bindiga sun kai hari garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, wanda ba shi da nisa da Argungu. Akwai iyaye a yau da suka koma irin zaman ɗar-ɗar na kakanninmu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma wanda yake cikinsa wajibi ne ya gode, ya yi wa wanda ya rasa addu'a, ya taimaka masa da abin da ya sawwaƙa.

Ni'ima Ta Uku: Ƙoshi Bayan Yunwa

Shinkafar da ke cikin kwanonmu ita ma tana da nata tarihi. Dattawanmu sun ga farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa neman abin sawa a baka. A wannan zamani ne gwamnati ta duƙufa gina madatsun ruwa. Aka kammala ta Bakolori a 1978, ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Madatsun sun kawo ruwan noman rani, amma sun kuma canza yadda gulbi ke cika da janyewa a wurinmu, har manomin da ya gaji sanin lokutan ruwa daga ubansa ya koma sabon koyo.

Sunan garinmu ma ya shiga takardun gwamnati ta dalilin wani babban shiri da aka fara tunaninsa tun 1969, na kewaye fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da ganuwar ƙasa domin a tsare ta daga ambaliya a riƙa ban ruwa, fili mai faɗin fiye da hekta 10,000. A 1982 aka yi gwaji a kan hekta 100. Shekaru masu yawa suka shuɗe babban aikin yana kan takarda, kuma mutanen Argungu sun nuna fargabar abin da zai jawo wa gonakinsu da kamun kifinsu. A halin da ake jira, ƙananan manoma ne suka ɗauki nauyin abin da kansu, da 'yan rijiyoyin da suke haƙawa a gona da injin ban ruwa. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi, kuma a Maris 2021 aka jera dalar buhunan shinkafa a nan Zauro, duniya ta gani a talabijin.

Amma dala ba ta ba da labarin gumin da ke cikin kowane buhu. Kafin loma ɗaya ta kai baki, sai an yafa iri, an cire an dasa cikin laka, an sayi mai an tayar da inji, an sa taki, an yi cira, yara sun wuni suna korar tsuntsaye, an yanka da lauje, an casa, an sheƙe, an kai inji an ɓare, sannan wata baiwar Allah ta tsaya gaban murhu da muciya hayaƙi yana shiga idonta. Bayan duk wannan, gulbi yana iya zuwa cikin dare ɗaya ya kwashe kome, kamar yadda ya yi a 2010 da 2012 da 2020.

Inda Ni Kaina Na Faɗi

A nan dole in faɗi gaskiya a kan kaina, don kada ku ɗauka laifin na yaro ne kaɗai. A ambaliyar 2020 shinkafata ta kusa isa yanka ruwa ya shanye ta. Na tsaya a kan tudu ina kallon wurin da gonata take ya zama kamar teku, ga bashi a wuyana. Bakina yana cewa Alhamdu lillahi ala kulli halin, saboda haka aka koya mini, amma a gida na zama wani mutum daban. Na riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na daina zama cin abinci da su. Na yi makonni ban ce wa uwarsu sannu da aiki ba, alhali ita ce ta sayar da awakinta biyu aka sayi abin da muka ci.

Wata rana da asuba ina karatu na iso Suratu Saba'i. A cikinta Allah Ya umurci iyalan Annabi Dawuda (AS) da su mayar da godiyarsu aiki, kuma Ya bayyana cewa masu yawan godiya a cikin bayi kaɗan ne. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, umurnin ya fuskanci iyali ne gaba ɗaya. Na biyu, an haɗa godiya da aiki. Na dubi kaina, na ga ruwa ya ci gona ɗaya, amma ya bar mini mata mai haƙuri, da 'ya'ya masu lafiya, da rufin ɗaki, da ƙasar da za a sake nomawa da rani. Akwai waɗanda a wannan ambaliya gidajensu suka rushe, akwai waɗanda suka rasa rai. Ni kuwa na zauna ina ƙirga abu ɗaya da aka karɓa, na manta da goma da aka bari.

Saboda haka ranar da ɗana ya tura kwanon tuwo, bayan fushina ya kwanta, na gane a wurina ya ga samfurin. Yaro ba ya koyon godiya daga wa'azin ubansa kamar yadda yake koyonta daga fuskar ubansa lokacin da aka ajiye masa abinci.

Abin Da Muka Canza A Gida

Da aka shiga aikin rani na ɗauke shi muka tafi fadama, ya wuni yana dashe. Da yamma bai iya miƙe bayansa ba. Na kai shi Gwandu ya ga hubbaren Malam Abdullahi, muka yi masa addu'a. Na kai shi gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, ya ga makaman da aka yi waɗancan yaƙe-yaƙe da su. A hanyar dawowa, da muka zo Alwasa, na sa direba ya rage gudu na ba shi labarin wurin.

Sannan muka yi koyi da Ida'un Nusukh. Na ba kowane yaro takarda na ce ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa koya masa wani abu mai amfani, tun daga wanda ya fara rubuta masa allo. Autarmu ta sa sunan uwarta a farko, ta ce ita ta koya mata Fatiha a bakin murhu. Babban kuwa ya cika shafi biyu, har da wani tsoho da ya nuna masa yadda ake gyaran keke. Na ce da su kowa ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin jerin ya je ya gaishe shi, wanda ya rasu kuma a yi masa addu'a. Ma'anar hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ita ce godiyar bawa ga Allah ba ta cika matuƙar yana butulce wa mutane.

Haka nan ranar fitar da zakka na daina yi a ɓoye daga gare su. Ina tara su a gaban buhuna, in bayyana musu cewa idan amfanin gona ya kai nisabi, wato ausuƙi 5 ko sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma a abin da ruwan sama ko na gulbi ya shayar ba da wahala ba, da rabin haka a abin da aka shayar da inji. Su suke aunawa, su suke kai wa mabuƙata. Kuma na ɗora wa kaina doka cewa ba zan tashi daga kan tabarma ba sai na ce wa uwarsu Allah Ya yi albarka, a gabansu, da murya yadda za su ji.

Ba zan ce muku gidana ya zama gidan waliyyai ba. Har yanzu ana gardama a kan wanke-wanke, har yanzu waya tana shiga tsakaninmu. Amma kwanakin baya na ji babban yana ce wa ƙanensa da ya bar saura a kwano: "Rufe shi a yi ɗumame da safe, kai ba ka san wahalar dashe ba." Na juya fuskata don kada su ga idona.

Kammalawa

Ya ku matasa, da yawanku gobe kaɗan za ku zama iyaye. Wannan waya da ke hannunku tana nuna muku gidajen wasu da motocinsu da abincinsu dare da rana, har mutum ya raina abin da ke gabansa. Maganin wannan ciwo shi ne sanin tarihin abin da kake da shi. Tun iyayenku da kakanninku suna raye, ku zauna ku tambaye su: wa ya sari gonar nan? A wace shekara aka yi yunwa, me aka ci? Wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi? Ku rubuta amsoshin ku ajiye, domin ranar da aka binne tsoho, da abin da ya sani ake binne shi.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, a Suratu Luƙman an fara ambaton godiyar da aka umurci Luƙmanu da ita kafin a kawo nasiharsa ga ɗansa. Mu fara gyara namu, sannan mu nemi na 'ya'yanmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu na Gwandu da na Kabi baki ɗaya, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya mayar da aminci inda aka rasa shi, Ya tsare mana gonakinmu daga fari da ambaliya, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya mu cikin bayinSa masu godiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.